Hadarin Gabas: Yadda Mutanen Gwarzo da Kabo Suke Karanta Sama a Da

A ƙasar Gwarzo da Kabo, gaisuwa ma da lokacinta. In damina ta zauna, bayan "ina kwana" sai ka ji an ce "yaya ruwa?", a amsa da "ruwa ya yi gyara." Ko da ruwan ya kayar wa mutum da katanga cikin dare, amsar ke nan, domin ba a kushe ruwa. Da hunturu kuma a ce "yaya sanyi?", a amsa da "lokacinsa ne." Har gobe ana wannan gaisuwa daga Garo zuwa Getso. Abin da ya ragu shi ne hirar da ke biyo bayanta. A da dattawa biyu kan tsaya a bakin hanya su warware hadarin jiya dalla-dalla: ta ina ya taso, wace iska ta riga shi, ya sauka a Kutama ko ya zarce Dayi, laimar ta kai tsawon yatsa ko ta kai kamu guda. Yau in ka matsa wa saurayi da irin wannan tambaya, waya zai zaro ya ce maka an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100.

Bazara ce lokacin da aka fi zura wa sama ido. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan hana kwanan ɗaki, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida ko ƙofar gida, don haka ko mutum ba ya so sai ya san taurari. Manomi ya riga ya yi sharar gona, ya kai taki a mangala bisa jaki, saura jira. Abin da ake fara dubawa shi ne juyawar iska. Duk tsawon rani daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, mai fasa leɓe da ƙara kaushi. Ranar da aka wayi gari ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan danshi, gumi ya fara zama a jiki maimakon ya bushe nan take, sai tsofaffi su ce iskar bazara ta fara kaɗawa. Daga nan sauran alamu su biyo. Shamuwa ta iso ta kama gyaran sheƙa a kan tsamiya ko rimin cikin gari, kuma babu yaron da zai jefe ta ya kwana lafiya a hannun manya. Gawo, wanda ya yi rani shar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shi kuma ya fara shirin zubar da nasa. Da daddare walƙiya ta riƙa wasa can ƙasa-ƙasa ta kudu, ba a ko jin cidarta, sai a ce mutanen Rogo da Zariya sun fara samu, namu na tafe.

Ba kowane gajimare ake kira hadari ba. Akwai farin girgije mai yawo da rana tsaka, wanda inuwa kawai yake bayarwa ya wuce. Hadari kuwa haɗowa yake yi, ya yi baƙi, gindinsa ya taɓa ƙasa, sannan ya gangamo. Kuma duk yaron da ya isa kiwon awaki ya san wani abu mai kama da saɓani: iskar damina daga yamma take zuwa, amma ruwa daga gabas. Na yamma ko na arewa ana iya ci gaba da aiki ana satar kallonsa. Na gabas in ya haɗo, babu mai ce wa wani ya tashi. Gari zai yi ɗif tukuna, ko ganye ba ya motsi, sannan jar ƙura ta taso a gaba, mata su bazama kwashe shanya da rufe murhu, yara su koro dabbobi, maza su duba jinkar rumbu. Wani lokaci iskar ta fi ƙarfin abin da ta ɗauko, ta watsa hadarin, a tashi da ƙura a ido ba ko ɗigo. Sai ka ji tsoho ya ce, "Iska ta cinye shi," ya koma ya zauna.

In kuwa ya sauka, shi ma ruwan suna-suna ne. Yayyafi daban, tsattsafi daban. Akwai ɗan ruwan kashe ƙura, wanda ke yaudarar mai gaggawa. Akwai wanda ake cewa ya tsuge ko ya kece, akwai mamako mai wuni yana zuba a hankali, akwai marka ta watan Agusta, inda za a jera kwanaki ba a ga rana sosai ba, itace ya jiƙe, ɗakunan ƙasa su fara yoyo, tuwo ya gagara dahuwa da wuri. Amma sunan da ya fi kowanne nauyi shi ne ruwan shuka. Ba a gane shi da ƙarar saukarsa. Da asuba maigida zai je gona ya tona da hannu, ya ga inda laima ta tsaya. In ta yi zurfin da ya gamsu, ya aika gida a zo da sungumi da iri. In ba ta kai ba, ya dawo, ko da maƙwabcinsa ya fara sara. Masu ƙarfin hali kan yi binne, wato su zuba gero a busasshiyar ƙasa su bar shi ya jira ruwa. Wanda ya dace, shi zai fara cin tumu a unguwa. Wanda ɗan ruwa ya tsirar masa da shuka sannan aka ɗauke mako biyu, sai ya nemo wani irin, kuma a wancan zamani iri ba abin da ake saya a shago ba ne, zangarniyar bara ce da aka zaɓa aka rataye.

Ka lura, kowace kalma a nan tana ɗauke da umarni. In an ce ruwan shuka, an ce a fita. In an ce agazari ya shigo, wato zafin nan na ƙarshen damina mai nunar da amfanin gona, an ce a fara wasa lauje da gyaran rumbu. In raɓa ta fara yawa da asuba, iska ta fara komawa gabas, an san ruwa ya yi sallama, wake da dawa su ƙarasa da abin da ke ƙasa. Hadarin kaka kuwa ya fi cida da iska, ga shi yana iya kwantar da dawa ko ya ɓata gyaɗar da aka shanya, shi ya sa ba a murna da shi.

Sama da wannan ilimi na kowa da kowa, akwai na malaman zaure, wato lissafin taurari. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Kowane yanki na shekara, bazara da damina da kaka da ɗari, yana da taurari 7. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kuma lissafinsu kan fara wajen ƙarshen Mayu. Sunayen daga Larabci suke, sun zo mana ta hanyar malaman Magrib tare da watannin rana irin su Yunayir da Dujambar, waɗanda ke bayan kalandar bango da kwana 13. Dalilin riƙe wannan lissafi a bayyane yake. Watannin Musulunci suna zagayawa, azumi ya faɗo yau a bazara, bayan wasu shekaru a hunturu, don haka ba za su gaya wa manomi lokacin shuka ba. Sai ka ga magidanci ya durƙusa a zaure bayan sallar asuba: "Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki?" Malam ya ɗan yi shiru yana ƙirga da yatsu, ya ce, "Yau kwana huɗu da shigar Zira'a." Da wannan mutum zai san ko akwai sauran damar sake shuka dawa, ko kuwa ya haƙura ya sa wake.

Malaman kirki sukan ja kunne cewa tauraro ba ya saukar da ruwa, alamar lokaci ce kurum, mai saukarwa Allah ne. Sun raba tsakanin lissafi da duba, ko da yake a aikace wasu sun cakuɗa su. Ilimin kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna har a Masar a kan ilimin lissafi da taurari. Wanda bai yi karatu ba ma yana da nasa taurarin: Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa kafin alfijir, da Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ita kan ɓace daga sararin yamma a ƙarshen bazara, ta sake bayyana ta gabas da asuba bayan damina ta kama.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika son tunawa ba yanzu. Yammacin Kano ƙasar Maguzawa ce tun fil azal, kuma a wurinsu sama da iska cike suke da mazauna. Ba banza ba ne Hausa ta kira abin da muke shaƙa da abin da ke kama mutum a bori da suna guda, wato iska. Guguwa in ta taso da rana tsaka tana murɗa karmami, iyaye mata kan janye yara daga hanyarta suna ta'awwuzi, har a gidajen malamai. Bakan gizo kuwa, wanda yaran yau ke zanawa da launi bakwai a makaranta, tsofaffi ba sa farin ciki da shi, domin sun ce shanye ruwa yake yi. Joseph Greenberg, Ba'amurken da daga baya ya yi fice wajen rarraba harsunan Afirka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, kuma a littafin da ya fitar a 1946 ya kawo Gajimare cikin manyan iskokinsu, mai alaƙa da bakan gizo da ruwan sama. Musulunci ya kawar da bautar, amma ɗan tsoron ya daɗe bai fita ba.

Mu da muka shiga firamare a zamanin UPE, wato shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, mun tashi da ƙafa ɗaya a wannan duniya, ɗaya a aji. A ajin ne muka gamu da wata sama dabam, ta Turanci. Da muka kai sakandare aka sa mu haddace yankunan shekara huɗu na Ingila, har da na zubar ganye da na ƙanƙara mai laushi da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu, shi kansa malamin bai gani ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda Turanci ke raba alheri da sharri a sama. A wurin Bature, rana mai kyau ita ce wadda aka wayi gari ba gajimare ko ɗaya, rana na haskawa. In ya ce yanayi ya ɓaci, ruwa yake nufi. Ranar wahalar da yake yi wa ajiya, ranar ruwa yake kiranta. Tarba ta mutunci a bakinsa mai ɗumi ce, mutum marar fara'a kuma mai sanyi. Yaron da ubansa ya shafe mako uku yana kallon gabas, geronsa na murɗewa, shi aka sa ya rubuta a jarrabawa cewa gari garau ba hadari shi ne yanayi mai kyau. Kuma ya rubuta, don yana son ya ci.

Mu a nan sanyi muke roƙo. Wanda aka yi wa alheri ya ji sanyi a ransa, baƙo ruwan sanyi ake fara miƙa masa, babba inuwa ne, talauci da rashin lafiya su ne masu zafi, damina kuwa uwar albarka. Ba wai Hausa ba ta san sharrin hadari ba, tunda mukan ce wane ya haɗe rai kamar hadari, kuma sanyin jiki ba yabo ba ne. Amma ma'aunin ya karkata ne zuwa inda buƙata take. Da na girma na ga alƙaluma sai abin ya daina ba ni mamaki. Landan na samun ruwan da bai wuce kimanin milimita 600 ba a shekara, ƙasa da na Kano, wanda matsakaicinsa ke tsakanin 800 da 900. Sai dai nasu a warwatse yake cikin wata 12, yau yayyafi gobe lumshi, rana ce ke musu wuyar gani. Namu kuwa cikin wata huɗu zuwa biyar yake zubowa, mafi yawansa a Yuli da Agusta, sauran shekara ko ɗigo. Kowa ya yabi abin da yake nema.

Ko sunan da Turanci ke kiran hunturu da shi, harmattan, daga harshen Akan na gaɓar Ghana aka aro shi fiye da shekara 300 da suka wuce, domin a can jiragen ruwan Turawa suka yi karo da iskar, bayan ta ratsa ta kanmu ta rage ƙarfi. Don haka kalma guda ta ishe su. Mu da muke bakin ƙofarta mun raba hazo da buji da jaura da ɗari, mun san safiyar da ba a aika yaro rafi.

Duk da haka zalunci ne a ce ajin bai ba mu komai ba. Ya ba mu dalili. A darasin labarin ƙasa muka ji cewa iska biyu ce ke ja-in-ja a kanmu, mai laima daga tekun Atilantika da busasshiya daga Sahara, kuma layin da suke haɗuwa yana hawowa arewa ya iso mu wajen Mayu, ya zarce cikin Nijar, ya juyo ya wuce mu wajen Oktoba. Juyawar iskar da kakanninmu ke jira ke nan. Saɓanin nan na ruwa daga gabas ma ya warware: iskar ƙasa daga yamma take kawo laima, amma can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke tura hadari yamma. Hazon da ke rufe mana rana har ya hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, mafi yawansa ƙura ce daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafkin da ya ƙafe. Tsofaffinmu sun ga daidai. Abin da ke bayan abin ne ba su da hanyar gani.

Turanci ya kuma zo da rabe-raben da muke buƙata. Yana da kalma don halin da gari ya wayi da shi yau, da wata dabam don halin ƙasa na tsawon zamani, wanda masana ke aunawa da shekara 30. Mu duka yanayi muke cewa, shi ya sa har yau in an yi zancen sauyin yanayi a rediyo, wani dattijon kan ɗauka shigowar hunturu ake nufi. Yana raba saman da tsuntsu ke tashi, da sararin da taurari suke, da sammai na addini. Rashin wannan rabewa ne ya sa, lokacin da Amurkawa suka sauka a wata a Yulin 1969, dattawa da yawa a ƙauyukanmu suka ƙi yarda sam, domin a fahimtarsu an ce ne wani kafiri ya keta sama ta ɗaya. Masu fassara a gidajen rediyo, Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da Rediyon Kaduna da sauransu, su suka yi ta fama har suka zaunar mana da sararin samaniya da hasashen yanayi da ɗumamar yanayi da 'yan sama jannati. Wannan na ƙarshe, duk wanda ya ƙirƙiro shi ya iya Hausa, akwai zolaya a ciki.

Kada kuma waiwaye ya sa mu manta cewa tsohon ilimin yana da iyaka, kuma iyakar ta sha kashe mutane. Yana gaya maka damina ta kusa, yana gaya maka hadarin yau zai sauka ko ba zai sauka ba. Ba ya gaya maka yadda shekara za ta ƙare. A 1913 ruwa ya ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano mutane sun fara karkata ga gyaɗa. A 1973 shamuwa ta zo, iska ta juya, taurari suka shiga suka fita bisa ƙa'ida, amma abin da Kano ta samu kusan rabin abin da aka saba ne. An fita roƙon ruwa a filin idi, limamai sun juya riguna, yara sun zaga gari, an yi sadakar gumba. Rumbuna suka tashi wayam, shanu suka faɗi, mutanen arewa da na Nijar suka kwararo kudu suna neman abin kai wa baka. Bayan shekara biyu, a 1975, cutar kuturtar gyaɗa ta gama da abin da ya rage na dalar gyaɗa. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Sannan a Agustan 1988 ruwa ya yi yawan da ya fasa madatsar Bagauda. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ya ga dattawa masu faɗa a ji suna kallon sama suna cewa, "Wannan kam ba mu san shi ba."

Daga nan ne, a ganina, martabar ilimin ta fara zubewa, tun kafin waya ta zo. Gwamna Audu Bako ya riga ya fara gina madatsun ruwa, an kammala Tiga a 1974, daga baya ta Chalawa a Ƙaraye ta biyo a 1992, ga ƙanana irin Guzuguzu a ƙasar Kabo. Mai noman rani a bakin dam injin ban-ruwa yake kallo da farashin fetur. Malaman gona na KNARDA suka shigo da iri mai saurin nuna daga cibiyar bincike ta Samaru, wanda ya sassauta tsoron makara. Samari suka tafi birni neman kuɗi, su dawo sai an yi ruwan shuka an kira su. Fitila da gidan kallon ƙwallo suka cinye daren da ake kwance ana nuna wa yaro Kaza da 'ya'yanta. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina, kowa dai ya sami abin da ya fi matsa masa.

Yau muna da hukumar hasashen yanayi ta NiMet, wadda doka ta kafa a 2003. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna, lokacin ɗaukewarsa, yawansa, da inda ake tsoron tsaiko a tsakiya. Tana amfani da bayanan tauraron ɗan'adam da kwamfuta, tana kallon zafin teku mai nisan dubban kilomita, har tana fassara rahoton zuwa Hausa. Wannan shi ne ainihin abin da kakanninmu suka rasa a 1973, kuma wanda ya raina shi ya cuci kansa. Na sha jin masu cewa hasashe shiga gaibu ne. Wanda ya yarda da shamuwa da juyawar iska ba shi da hujjar ƙin ma'aunin zafin teku, duka alamu ne, Allah ke da hukunci.

Matsalar ita ce yadda saƙon ke isowa. Sau da yawa Hausar hasashen Turanci ce da aka canza wa riga. Za a ce ana sa ran ruwa matsakaici zuwa mai ƙarfi a wasu sassan jihar, ko a ce milimita kaza, ko kashi kaza cikin 100. Manomin Dugabau ko Lakwaya tambayarsa guda ce: na shuka ne ko na kashe ƙura? In na shuka ne, za a ɗora ko za a ɗauke? Kalmomin da za su amsa masa suna nan a bakin tsofaffi, mai karanta rahoton ne bai san su ba, ko yana ganin ba su yi kama da ilimi ba. Ga kuma nisa. Ma'aunin ruwan Kano ya haura shekara 100 ana rubuta shi, abin alfahari ne, amma Gwarzo na da kimanin kilomita 70 daga birni, kuma kowa ya san ana iya tafka ruwa a Kabo, Garo ba ta samu ko yayyafi ba. Na'ura ta fi tsoho sanin yadda shekara za ta kaya. Tsoho ya fi na'ura sanin gonar da ke gabansa da hadarin da ke kanta. Wauta ce a ce sai an zaɓi ɗaya.

Kuma lokaci na ƙurewa. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana kalmomi da yawa, amma ƙamus ma'ana yake riƙewa, ba ya nuna maka launin gindin hadarin da zai zubar da ƙanƙara. Wannan sai wanda ya gani ya nuna wa wani da yatsa. Waɗanda suka yi noma da hankalinsu kafin farin 1973 yanzu sun haura shekara 70, malaman da ke iya ƙirga taurari da ka ba tare da duba takarda ba kuwa, a gari guda da wuya ka cika hannu da su.

Don haka kirana ga malaman Hausa da na labarin ƙasa a makarantun sakandaren Gwarzo da Kabo: ku tura ɗalibai gida da aikin hutu, kowa ya zauna da kakansa ko limamin unguwarsu, ya ɗauki muryarsa a waya, ya rubuto sunayen iska da hadari da ruwa da abin da ake yi in an ga kowanne. Ku kafa ma'aunin ruwa a harabar makaranta, abu ne mai araha, a riƙa rubuta abin da ya sauka kowace safiya tare da sunan da tsofaffin garin suka ba ruwan. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, duka a Jami'ar Bayero, su karɓi abin da aka tara su tace. Masu gabatar da shirin noma a gidajen rediyon Kano kuma, in rahoton NiMet ya zo, ku gayyato dattijon manomi guda ya zauna kusa da jami'in, jami'i ya faɗi alƙalumansa, dattijo ya mayar da su maganar gona. A fara da wannan bazarar, kafin ruwan shuka.